Daga Kumasi Zuwa Salaga a Kan Keke

Tun muna yara a makarantar allo a Aboabo, cikin Kumasi, ni da abokina muka yi alkawarin wata rana sai mun je Salaga. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa, kuma duk yaron da ya taɓa hawa keke a layinmu ya kai masa faci. Malaminmu ne ya sa mana wannan buri, Allah ya jiƙansa. In an tashi karatun dare sai ya zaunar da mu ya ba mu labarin fataken goro: yadda ayari ke tasowa daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da jar fata, su yi wata da watanni a hanya kafin su sauka Gwanja, su sayi goron da ake fitowa da shi daga kurmin Asante. Yakan ce kakannin da yawa daga cikinmu ta Salaga suka biyo kafin su gangaro Kumasi. Mu kuwa da yarinta sai muka raba muƙamai, ni ne madugu uban tafiya, shi ne jagaba mai shiga gaba. Sunayen nan sun bi mu har girma. Yau 'ya'yana huɗu, amma in ya hango ni a kasuwa, "Madugu!" zai ƙwala.

Da muka girma na kama sana'ar hatsi, shi kuma ya zauna a gyaran keke a gindin wata bishiya. Shekara uku kafin tafiyar da zan ba ku labari, muka yi haɗin jari. Ya kawo sidi 6,000 da ya daɗe yana tarawa don ya sayi kwantena ya bar gindin bishiya, ni ma na kawo 6,000. Shirin shi ne in sayi masara a Ejura da kaka, a ajiye, in ta yi tsada mu sayar mu raba riba. Babu takarda, babu shaida. Wa zai rubuta takarda tsakaninsa da wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya tun suna yara?

Masarar ba ta gama bushewa ba aka ɗura ta a buhu. Wasu buhunan suka yi fumfuna, wasu ƙwaro ya shiga. Asara ta gaskiya ta kai sidi 3,000. To amma a cikin watannin nan haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama, aka ce sai tiyata, ni kuwa ba ni da ko sisi a hannu. Na ɗebi 2,000 daga cikin jarin da niyyar in mayar kafin a raba. Ban samu na mayar ba. Ranar lissafi sai na ji bakina yana cewa asara 5,000 ce. Na miƙa masa 3,500 maimakon 4,500. Ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce, "Allah ya mayar mana da alheri." Bai ƙara ko kalma ba.

Daga ranar na canza hanya. Da can kullum da safe ta gindin bishiyarsa nake bi mu sha koko da ƙosai, sai na koma zagayawa ta bayan masallaci. In mun haɗu a suna ko jana'iza mu gaisa, in ce masa harkoki ne suka yi yawa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to nawa ya fi ƙarfin bashi, don har da ƙarya a ciki.

Wata rana bayan la'asar sai ga shi a ƙofar shagona yana janye da kekuna biyu na gwanjo, masu giya, ya wanke su ya sa musu sababbin tayoyi. Ya ce, "Madugu, mun haura 40. In ba mu je Salaga yanzu ba, gwiwa za ta ƙi mu." Na nemi uzurin da zan kawo na rasa. In na ƙi, kamar na tona wa kaina asiri ne. Da na gaya wa maiɗakina sai ta dube ni ta ce, "Maigida, mota ce ta ƙare a Ghana?" Amma ita ce ta soya mana ƙuli-ƙuli, ta ƙulle mana garin rogo da sukari da dabino.

Mun yi mako uku muna motsa jiki bayan sallar asuba. Kayanmu ba su da yawa: tif biyu-biyu, faci da sholisho, famfo, sifana da filaya, 'yan wayoyin ƙafa na ajiya, buta, dadduma, gidan sauro, tocila da galan ɗin ruwa. Muka zaɓi watan Janairu don babu ruwan sama. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma arewa muka dosa. Ke nan duk tafiyar da ita za mu yi ta karo.

Ranar farko muka fita da duku-duku ta Tafo da Pankrono, muna kauce wa motocin haya da ke tsayawa duk inda suka ga fasinja. Bayan Mamponteng hanya ta ɗan sarara, ga gonakin koko da ayaba hagu da dama. Muka wuce Agona, muka iso Jamasi, daga nan aka fara hawan tudun Mampong. Duk wanda ya san wurin a mota bai san shi ba. Hanya ce mai murɗe-murɗe, ka sha wannan kwana kana cewa an gama, sai ka ga wata a samanka. Tun kafin rabi cinyoyina suka ɗauki wuta, na sauka na kama tura keke. Jagaba ya waiwayo ya gan ni, shi ma ya sauko, alhali na san zai iya hayewa. Muka tura tare har bisa, manyan motoci ɗauke da doya suna saukowa suna ƙaurin birki.

A zangon Mampong muka kwana. A nan na fara gane ma'anar kalmar da muke faɗa kullum ba ma tunaninta. Zango shi ne inda ayari ke yada kaya ya huta, kuma har yau in ka isa kowane gari a hanyar nan ka tambayi zango, za a nuna maka masallaci, ka ji Hausa, ka sami mai shayi. Bayan sallar magariba wani dattijo ya tambaye mu daga ina, zuwa ina. Da muka faɗa masa sai ya leƙa waje ya dubi kekunan, ya dube mu, ya ce, "Lafiyarku kuwa?" Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya aika gida aka kawo mana tuwo da miyar ayoyo, ya ba mu ɗakin baƙinsa.

Kashegari tafiyar ba ta da tsawo, kilomita 40 ko kusa da haka zuwa Ejura. Kurmi ya fara baya, bishiyoyi suka fara tazara, sararin sama ya buɗe. Jiki ya ɗan saba, amma zuciyata ta yi nauyi, don Ejura ce garin masararmu. Muna shiga gari Jagaba ya ce ai bai kamata mu wuce ba mu gaida dillalin da ya ajiye mana kaya ba. Wallahi na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Mutumin nan ya san buhu nawa suka lalace, ɗaya bayan ɗaya.

Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo fura. Ana cikin hira ya ce, "Waccan shekarar ai Allah ya taƙaita muku, waɗansu rabin kayansu suka zubar, ku kuwa ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba." Ludayi na hannuna ya tsaya. Na saci kallon abokina, na ga ya duƙufa a kan furarsa yana yaba daɗin nonon. Daren nan ban runtsa ba. Ina jin minsharinsa a gefe, ina ta lissafi a raina: ya ji ko bai ji ba? In ya ji, ya gane?

Rana ta uku ita ce mafi wuya, daga Ejura zuwa Atebubu ta Amantin, fiye da kilomita 60. Iska ta taso tun hantsi, ƙura ta rufe rana har ta koma kamar farin faranti. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe, kana taka feda kamar ana riƙe da kai ta baya. A bakin hanya babu abin da kake gani sai buhunan gawayi a jere, da kunyoyin doya, da shanun Fulani suna tsallaka titi. Jagaba ya koya mini dabara: ya shiga gaba, ni in manne a bayansa tazarar taku ɗaya, jikinsa ya tare mini iska. Ya ce in ya gaji sai mu yi musaya. Muka yi awa uku a haka bai ce ya gaji ba.

Bayan Amantin na faɗa wani rami da ban gani ba. Na ji ƙas, ƙas, wayoyi biyu na ƙafar baya suka tsinke, ƙafar ta karkace tana gugar birki, tif kuma ya fashe. Muka ja keken zuwa inuwar wata kaɗanya. Ya kifa shi, ya cire ƙafar, ya zauna a ƙasa yana ɗaura sababbin wayoyi, yana juya ƙafar a hankali yana duba inda ta goce. Hunturu ya farfasa masa yatsu, na ga jini a jikin sifana. Ni kuwa ina zaune a inuwa ina shan ruwa. Mutumin da na ci wa kuɗi, shi ya kawo mini keke kyauta, shi ya tura tudu saboda ni, shi ya tare mini iska, ga shi yanzu yana zubar da jini a kan kekena. Na ji ba zan iya ƙara taku ɗaya da abin nan a cikina ba.

Na ce, "Jagaba, akwai maganar da zan faɗa maka, ka ajiye sifanar nan." Bai ajiye ba. Na faɗa masa komai, da tiyatar, da 2,000, da ƙaryar ranar lissafi. Na ce sidi 1,000 nasa yana wuyana yau shekara uku.

Ya ci gaba da juya ƙafar keken har ta daidaita. Sannan ya ce, "Madugu, wa ya raka ka asibiti a daren nan? Ni ne. A gabana ka juye aljihunka babu komai, da gari ya waye ka biya kuɗin aiki. Ka ɗauka ban iya lissafi ba ne don ina faci?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Da ka tambaye ni a daren, duka 6,000 zan ce ka ɗauka. Yarinyar da aka haifa ai 'yata ce. Kuɗin na cire su daga raina tun a shekarar. Hanyar da ka canza ce ta tsaya mini. Kullum da safe sai na sayi koko na mutum biyu, har mai kokon ta daina tambayata."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na tambaye shi me ya hana shi yi mini magana tun tuni. Ya ce da ya yi, da na biya shi cikin kunya, daga nan kuma shi ke nan, ba zan sake iya haɗa ido da shi ba. Ya fi so in kawo maganar da bakina. Da ya ga shekaru suna tafiya ban kawo ba, sai ya tuna da alkawarin Salaga, ya ce hanya mai nisa ba ta barin magana a ciki. Ya hura tif, ya mayar da ƙafar, ya ce, "Na yafe. Tashi mu kama hanya kafin la'asar." A sauran tafiyar ranar ni na shiga gaba na tare iska, duk da ban kai shi ƙarfi ba, shi kuma ya bar ni.

Yafiyar ba ta kwantar mini da hankali ba. A Atebubu da daddare na ce masa sai na biya. Ya ce ya riga ya yafe. Na ce to kwantenar fa? Har yau yana gindin bishiya, damina ta dake shi, hunturu ya dake shi. Kuma duk ɗan kasuwa a Ghana ya san abin da ya sami sidi a shekarun nan. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100. Dubu ɗaya ta wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. In na ba shi 1,000 cif, na sake cutarsa. In kuma na ƙara, shi yana tsoron kada ya zama riba ta haram. Muka kwana a kan gardamar nan.

Rana ta huɗu muka tsaya sallar azahar a Prang, garin da aka sani da malamai da babban taron Mauludi, garin marigayi Shehu Abdullahi Maikano. Bayan sallah muka sami wani tsohon malami a zaure muka kai masa maganar, ban ɓoye komai ba. Ya saurara har na gama. Ya ce wa abokina, "Ɗana, yafiyarka tana nan a wurin Allah, amma ka bar ɗan'uwanka ya sauke nauyin da ke kansa, wannan ma taimako ne." Ni kuma ya ce abin da ke wuyana 1,000 ne. Duk abin da na ɗora a kai don raɗin kaina, ba tare da an gindaya mini sharaɗi ba, kyautata biya ne, kuma shari'a ta yaba da shi. Sannan ya tambaye mu ko mun san aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani. Ya ce tana cikin Baƙara, aya ta 282, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ya ce rubutu yana kare amini daga amininsa a ranar da Shaiɗan ya sami ƙofa. Ya yago takarda daga littafin jikansa, aka rubuta zan biya cikin wata huɗu, mutum biyu suka sa hannu. Abokina yana ta jin kunya, ni kuwa ina jin kamar an sauke mini buhun masara daga ka.

Da yamma muka shiga Yeji, warin bandar kifi ya tare mu tun daga bakin gari. Daga Kumasi zuwa nan kilomita 220 ne da ɗoriya. A zamanin fatake kogi ne a nan ake fito da kwalekwale. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, ya cinye tsofaffin gaɓoɓi da gonaki da ƙauyuka. Har yau kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye suna tsaye a ciki, wasu a fili, wasu a ɓoye, su ne abin tsoron masu jiragen katako. Saboda haka muka haƙura muka jira babban jirgin fito da safe, muka jingina kekunanmu tsakanin motocin kaya da awaki, aka tsallaka da mu Makango. Daga nan kilomita 30 da wani abu suka rage. Kuka da ɗorawa da kaɗanya suka cika ido, ka rantse a ƙasar Hausa kake.

Mun shiga Salaga da azahar, rana ta biyar. Gaskiya garin bai kai wanda muka gina a kanmu tun muna yara ba. Gari ne madaidaici mai ƙura da babura. Wani dattijo da muka samu a masallaci ya zagaya da mu, ya ba mu tarihin yadda kasuwar ta mutu. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, goro ya daina zuwa kamar da. A 1892 kuma yaƙin basasa a kan sarautar Kpembe ya tarwatsa garin, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Yeji da sauran wurare. Cikinsu har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934. Na tsaya ina tunanin ashe zaman da muke yi a zangunan kudu yana da tushe a wannan watsewar.

Ya nuna mana tsofaffin rijiyoyi da aka haƙa da yawa a garin, ya kai mu wurin da har yau ake kira da sunan Hausa, Wankan Bayi, inda ake wanke mutane kafin a kai su kasuwa a sayar. Malaminmu bai taɓa ba mu wannan ɓangaren labarin ba. Goro da kanwa muka sani, ba mu san cewa a kasuwar da kakanninmu suka ci har da 'yan Adam a cikin haja ba. Muka daɗe a tsaye babu mai magana. Jagaba ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga waɗanda aka wanke a wurin, ya nema wa waɗanda suka saya da waɗanda suka sayar gafara, muka shafa.

Kafin mu bar gari na ce ba zai yiwu madugu ya zo Gwanja ya koma babu goro ba. Muka je kasuwa na taya. Da na ji farashi na ce wa mai goron ya yi tsada. Ta ce, "Alhaji, ai daga Kumasi ake kawo shi, ka sa kuɗin mota." Muka dubi juna muka fashe da dariya. Kwana biyar muna taka keke, mu zo mu sayi goron da aka ɗauko daga bayan gidanmu. Duk da haka na saya, na kai wa tsofaffin unguwa tsaraba.

Dawowa kam a mota muka yi, kekuna a ɗaure a bisa. Na biya cikin wata uku, na ɗora abin da Allah ya hore mini a kai. Bai isa kwantena ba, amma ya haɗa da abin da ya tara, yanzu yana da rumfa mai kwanon rufi da ƙofar ƙarfe. Takardar Prang tana cikin akwatina, ya sa hannu a bayanta cewa an biya. Bana mun sake haɗa jari a wake, kuma kafin a ƙirga ko sidi ɗaya sai da muka rubuta, limamin unguwa da ƙanen maiɗakina suka shaida.

'Yan'uwana 'yan kasuwa da ke zaune a ƙasashen mutane, mun san yawancin harkarmu a kan amana take tafiya. Ɗan'uwa ya ba ka kaya daga Lome ko Kwatano, ka aika kuɗi Maraɗi ko Kano, duk da baki. Amanar nan ita ce jarinmu na gaskiya, kuma ni shaida ne cewa mutumin kirki ma yana iya karya ta a daren da ya rasa mafita. Ku riƙa rubutawa, ko da tsakaninku da wanda kuka fito ciki ɗaya. In matsuwa ta zo, ku buɗe baki ku tambaya kafin ku sa hannu. In kuwa an riga an sa hannun, akwai wanda kake zagaye hanya don kada ku haɗu, to ka je ka same shi tun kuna da rai ku biyun. Ni sai da na taka kilomita fiye da 250 kafin in faɗi maganar da gindin bishiyarsa ya ishe ni faɗa, taku 200 daga ƙofar gidana.

Yanzu kullum da safe ta rumfarsa nake bi, kuma ni nake biyan kuɗin koko. Ya fara maganar wai baɗi sai Tamale. Na ce masa sai na yi shawara da gwiwoyina. Allah ya bar zumunci, ya rufa mana asiri duniya da lahira.